Bindigar da Ta Fashe a Huangpu

Da safiyar Litinin aka kira ofishin 'yan sanda na Huangpu, a ƙasar Sin, cewa an tsinci gawa a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Da aka ji mamacin ɗan Najeriya ne, sai aka tura Sufeto Liang Weiming. Duk binciken da ya shafi 'yan Afirka ta Yamma shi ake ɗora wa, domin a Kano ya yi ƙuruciyarsa, lokacin da mahaifinsa ke aiki a wata masana'antar kwanuka. Har yau Hausa ba ta bar bakinsa ba.

Ya isa wurin tare da mataimakiyarsa, Saja Zhou, wadda ta ƙware a harkar makamai.

Siton dogo ne, kwalaye jibge har rufi. A can ƙurya an jera buhunan yashi a jikin bango, an kafa allon katako a gabansu, duk ya sha huda. Gawar na kwance kusa da nan. Mutum ne mai jiki, sanye da shadda ruwan toka. Hannun damansa ya dagargaje, wani guntun ƙarfe kuma ya shige masa wuya. A gefensa ga ƙaramar bindiga ta tsage biyu.

Zhou ta durƙusa ta duba, sannan ta ce da Sinanci, "Ba harbinsa aka yi ba. Yana gwada ta ne ta fashe a hannunsa. Tun jiya da yamma, ina jin."

Liang ya sa safar hannu ya ɗauki mariƙin bindigar. Na katako ne, baƙi, sumul, an zana masa wani ado kamar sawun zabuwa a ƙasa. Babu masana'antar da ke fitar da irin wannan. Ya kai shi kusa da hancinsa, ya shinshina.

"Mene ne?" in ji Zhou.

"Man kaɗe. Da shi aka goge katakon. Mutanen Afirka ta Yamma suna shafa shi a jiki, suna kuma dafa abinci da shi. Wanda ya yi wannan mariƙin ba ɗan ƙasar nan ba ne."

Wanda ya kira 'yan sanda yana zaune a kan kwali a bakin ƙofa, yana ta goge gumi. Sunansa Hakim, mutumin zangon Nima ne da ke Akara, kuma shi ne abokin mamacin a harkar tura kaya.

"Waye wannan?" Liang ya tambaye shi da Hausa.

Hakim ya ɗago da mamaki. "Alhaji Yalwa ne, Ofisa. Laoban ɗinmu ne, wato maigidanmu, shi ke da sito. Ni loda kaya kawai nake yi."

"Wane irin kaya?"

"Takalma, atamfa, kayan gyaran injin niƙa."

"Bindigar fa?"

"Meyo, Ofisa, babu. Ban taɓa ganinta ba. Wa zai riƙe bindiga a ƙasar nan? Ai mutum ya kashe kansa ke nan."

"Buhunan yashin can na mene ne?"

"Na ruwa ne. In an yi ruwan sama yana shigowa."

Liang ya waiga ya dubi ƙuryar. Ƙasa a bushe take ƙayau, ga allon da harsasai suka huda. Ya sa aka rufe siton, aka tafi da Hakim ofis.

Washegari Zhou ta kira shi ɗakin gwaje-gwaje. Ta warware abin da ya rage na bindigar, ta jera gunduwa-gunduwa a kan farin ƙyalle.

"Irin wadda ke loda kanta ce bayan kowane harbi," ta ce. "Ba daga wuri ɗaya ta fito ba. Sassanta an ƙera su ne a ƙananan shaguna daban-daban, wataƙila masu shagunan ma ba su san abin da suke ƙerawa ba. Sannan wani ya zauna ya haɗa ta da hannu. Ya sauya kunamar ta zama mai laushi, ya sa mata sabon abin saiti, ya goge cikinta har tana ƙyalli. Na daɗe ina wannan aiki, ban taɓa ganin hannu mai kyau haka ba."

"To me ya fasa ta?"

Ta tura masa wani guntu ƙarƙashin madubin ƙara girma. "Duba nan. An raunana ƙarfen ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. Kuma da irin tsabtar aikin da aka yi wa sauran aka yi shi."

"Ba kuskure ba ne?"

"Mai wannan hannun ba ya irin wannan kuskuren. Ya yi ta ne don ta ɗan yi aiki, mai ita ya saki jiki, sannan ta fashe."

Liang ya miƙe. "Ashe kisa ne."

Kafin azahar ya koma siton da jami'an kwastan. Aka farfasa akwatunan da aka rubuta wa kayan injin niƙa. A sama kayan injin ne da gaske. A ƙasa kuwa, cikin leda mai maiƙo, sassan ƙananan bindigogi ne jere, wasu ma an riga an haɗa su, kowace da mariƙinta na baƙin katako mai sawun zabuwa.

Ya ɗauki guda ya ajiye wa Hakim a kan tebur a ɗakin tambayoyi.

"Wannan wane irin hatsi take niƙawa?"

Hakim ya dubi bindigar.

"Ka san hukuncin wannan a nan," in ji Liang. "Kuma yanzu maganar ta wuce fasa-ƙwauri. An kashe abokin sana'arka. In ya mutu, siton da kwastomomi wa za su koma wa?"

"Wallahi ba ni ba ne, Ofisa. Ni ko ƙusa ban iya bugawa ba."

"Jiya ka ce ba ka taɓa ganin bindiga ba."

"Na yi ƙarya. Tsoro ne." Ya haɗiye yawu. "Na san abin da ke cikin akwatunan. Amma ban tambayi inda suke zuwa ba. Nawa in kai su jirgi."

"Wa ke haɗa su?"

"Wani tsoho ne Alhaji ya kawo daga gida. Injiniya yake kiransa. Ya ɓoye shi, ba ya barinsa ya zo sito sai babu kowa. Sau ɗaya na gan shi daga nesa."

"Sunansa?"

"Ban sani ba. Amma Hajiya ta sani. Ita ke dafa masa abinci."

Gidan Alhaji Yalwa yana hawa na sama a wani tsohon bene a unguwar Sanyuanli, bayan kasuwar tufafi. Matarsa, Hajiya Faridatu, ta shiga takaba. Tana zaune a kan darduma, wasu matan 'yan kasuwa na kewaye da ita. Da suka ga 'yan sanda suka tashi suka shige ɗaki.

"Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

"Amin. Na gode, Yallaɓai."

"Kin san sana'ar maigidanki?"

"Tura kaya yake yi. Ba ya kawo maganar kasuwa gida."

"Akwai wani dattijo da ke yi masa aiki. An ce ke ke ciyar da shi."

Ta gyara mayafinta. "Baba Maidaji. Ai ba ya nan. Ya koma gida."

"Yaushe?"

"Ya kwana biyu. Rasuwa aka yi masa. 'Yan bindiga suka shiga ƙauyensu, suka kashe ɗansa Isufu. Shi kaɗai ne namiji a 'ya'yansa. Sai ya tafi zaman makoki."

"Alhaji ne ya raka shi filin jirgi?"

"Ina jin haka."

"Sun rabu lafiya?"

"Lafiya lau."

Liang ya yi mata sallama. Yana fita ya lura da wata kular abinci a bakin ƙofa, an ɗaure ta da ƙyalle tsaf, tana ƙamshin miyar kuka. A gidan da ake shigo da abincin makoki, wannan kuwa fita za ta yi.

A mota Zhou ta buga wa hukumar shige da fice. Amsa ba ta daɗe ba. Akwai wani Maidaji Ilu da ya shigo ƙasar, bizarsa ta ƙare tuntuni, kuma bai fita ba.

Suka zauna suna jira. Can sai ga ɗan aike a kan babur mai lantarki ya hau benen, ya sauko da kular, ya ɗaure ta a baya. Suka bi shi sannu a hankali, ya ratsa lunguna har ya fita bayan unguwa, inda shagunan walda da na masu yankan ƙarfe suke. Ya ajiye kular a ƙofar wani ƙaramin shago, ya ƙwanƙwasa, ya yi gaba.

Wanda ya buɗe tsoho ne siriri, gemunsa fari, sanye da tabarau mai kauri. Ya dubi Liang, ya dubi Zhou, sannan ya matsa gefe ya ba su hanya.

Shagon a share yake tas. Ga teburin aiki, ga magagarai jere a bango daga babba zuwa ƙarami, ga katifa a naɗe a gefe. A kan teburin akwai tsohon keken ɗinki a warware, da gwangwanin man kaɗe a buɗe.

"Sannu da aiki, Baba. Kai ne Malam Maidaji?"

"Ni ne. Ashe kana jin Hausa."

"Me kake yi a nan?"

"Gyaran keken ɗinki, kamar yadda ka gani."

"Kafin ka zo ƙasar nan fa?"

"Maƙeri ne ni, ɗan maƙeri. Daga baya na yi aikin gwamnati, na yi ritaya."

"Wane aiki?"

"Gyare-gyare."

"A ma'ajiyar makamai?"

Tsohon ya juya kan keken ɗinkinsa, sai Liang ya sauya magana.

"Ka ji rasuwar Alhaji Yalwa?"

"Na ji. Allah ya yi masa rahama."

"An ce ka tafi gida."

"Hajiya ce ta faɗa maka ko? Kada ka riƙe ta. Bizata ce ta ƙare, tana tsoron a kama ni. Yarinyar kirki ce, ba ta san komai ba."

Liang ya ciro leda daga aljihu, ya ajiye mariƙin bindigar a kan teburin, kusa da gwangwanin man.

"Ka san wannan?"

"Ban san shi ba."

"To shi ke nan." Liang ya ja kujera ya zauna. "Dama neman wanda ya haɗa bindigar muke yi don mu rufe fayil. Masananmu sun ce hatsari ne. Sun ce aikin ɗan koyo ne, wanda bai san ƙarfe ba. Ya yi ta ƙawata waje, ya bar ciki da lahani bai gani ba. Irin masu sana'ar da ke kashe mutane da jahilci."

Hannun tsohon, wanda ke kan teburin, ya tsaya cak.

"Haka suka ce?"

"Haka suka rubuta."

Maidaji ya cire tabaransa ya goge da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar, sai ya dubi Liang ido cikin ido.

"Kai ma ka san ƙarya kake yi, Yallaɓai. In da haka suka ce, da ba ka zo da kanka ba. Amma ba sai ka wahalar da kanka ba. Na gaji. Tun ina yaro nake taɓa bindiga, ba a taɓa dawo mini da aikina an ce ya ba da matsala ba. Wannan ma ba ta ba da matsala ba. Abin da na yi ta dominsa, shi ta yi."

Zhou ta kunna na'urar ɗaukar magana ta ajiye. Liang ya gaya wa tsohon cewa duk abin da zai faɗa zai je gaban alƙali. Tsohon ya gyaɗa kai.

"Ya aka yi ka fara yi masa aiki?"

"Bayan ritaya ina zaune ba abin yi. Alhaji ya zo har gida ya ce yana neman wanda ya san ƙarfe, zai riƙa duba masa injina a Sin. Da na iso sai ya zube mini sassan bindiga a gaba. Ya ce kamfanonin masu gadi ke saye, da manyan mutane masu lasisi."

"Ka yarda?"

"Na so in yarda. Ka ga injinan da ke garin nan? Abin da nake kwana ina gogewa da magagari a gida, nan kafin ka sha ruwa an fitar maka da shi. Sassan suna zuwa da kaushi, ni nake gyara su. In daidaita wannan, in sauya wancan, har ta zauna a hannu kamar da ita aka haifi mutum. Ba wanda ya ce in yi musu mariƙi. Ni na ga bai kamata aikina ya fita ba tambari ba. Sawun zabuwar nan na mahaifina ne, shi yake sa wa bindigogin maharba."

Ya ɗauko wayarsa, ya lalubo wani bidiyo, ya miƙa wa Liang.

Wasu samari ne a daji, fuskokinsu a naɗe da rawani, suna dariya suna nuna abin da suka kwaso. Ɗaya ya matso kusa da kyamara yana juya ƙaramar bindiga a hannu. Mariƙinta baƙi ne, zanen ya fito sarai.

"Su suka ɗauka da kansu suka watsa, bayan sun fita daga garinmu," in ji Maidaji. "Isufu malamin firamare ne. Ya tsaya a ƙofar gida ne don matarsa da yara su samu su haura katanga. Waɗanda suka wanke shi sun ce ba babbar bindiga ba ce. Daga kusa aka harbe shi."

A waje ana jin ƙarar injin yankan ƙarfe.

"Ka nuna wa Alhaji?"

"Na je har gidansa na nuna masa. Ya kalla, ya ce in yi haƙuri, kowa da kwanansa. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya bin kaya ya ga inda suka kwana. Na ce ya ba ni fasfona in je in ga kabarin ɗana. Ya ce sai na gama kayan da ke ƙasa. A zaman nan, ban ko tashi ba, ya ce yana so in haɗa masa tasa ta kansa, wadda ta fi duk sauran, domin hanyoyin gida sun lalace, mutum sai da kariya."

"Sai ka haɗa masa."

"Na auna tafin hannunsa. Na zaɓi katako mafi kyau. Ban taɓa zuba wa wani aiki hankalina kamar ita ba. Na san inda ƙarfe ke ɗaukar wuta, na san inda ba ya ɗauka. Da na kai masa ya yi ta murna kamar yaro. Na ce ya gwada ta shi kaɗai, kada ya bar kowa ya tsaya kusa."

"Don kada a gan shi?"

"Don kada ta taɓa wani."

Liang ya ajiye wayar a kan teburin, ya tura masa.

"Baba, in tambaye ka. Kafin ɗanka, ba ka taɓa jin an shiga wani ƙauye ba?"

"Ina ji. Kullum ana faɗa."

"Ba ka taɓa tunanin ina kayanka ke zuwa ba?"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Na yi."

"Amma ka ci gaba."

"Na ci gaba."

"Waɗancan ma 'ya'yan wasu ne. Da ka fito bakin titi ka tare kowane ɗan sanda, ko da hannu ka yi masa nuni, da mun rufe siton nan tuntuni. Da Alhaji yana hannunmu da ransa, ya faɗa mana wa ke karɓar kayan a can. Yanzu ka rufe bakin da ya san sunayensu."

Hawaye ya gangaro wa Maidaji ya shige cikin gemunsa, bai share ba.

Zhou ta ciro ankwa. Tsohon ya miƙa hannuwansa da kansa. Sai da ƙarfen ya kama, sannan ya ɗago kamar wanda ya tuna wani abu.

"Yallaɓai, akwai kwantena guda da aka kai tashar jiragen ruwa ta Nansha. Ba ta Huangpu aka bi da ita ba, Hakim ma bai san da ita ba. An rubuta mata kayan famfon ban-ruwa. Don Allah ku tare ta."

Liang ya fassara wa Zhou. Ta fita waje da waya a kunne. Liang da tsohon suka zauna suna jiranta, kular abincin na ajiye a bakin ƙofa ba a buɗe ba.

Da ta dawo, ta yi wa Liang magana a hankali. Liang ya juyo wajen tsohon.

"Jirgin ya tashi tun makon jiya. Za mu aika wa hukumomin can. Ban san ko za ta tsaya a hannunsu ba."

Tsohon ya rufe ido.

"Waɗanda ke ciki," in ji Liang, "akwai wadda ka yi wa irin abin da ka yi wa ta Alhaji?"

Maidaji ya girgiza kai.

"Babu. Duk lafiyarsu ƙalau. Na yi su da kyau."

Suka fito da shi. Masu walda suka ɗaga gilasan fuskarsu suna kallo har aka sa shi a bayan mota, sannan suka koma kan aikinsu.